Lahadi Goma Sha Bakwai

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Sau biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa, domin a aji huɗu na bar makaranta, kuma ni ba mai son a ji bakina ba ce. Ko a gidan biki, can baya nake zama wajen masu wanke kofuna. Amma littafin da na yi karatun Turanci a cikinsa ya saura da fararen shafuka da yawa, kuma duk sanda na gan shi a kan taga sai maganar ta taso mini. Gara in sauke ta in huta.

Sunana Hamdiya. Shekara shida na yi ina aiki a gidan Madam Dorin, a bakin gonakin rake na ƙauyenmu, yamma da birnin Luksor a ƙasar Masar. Baturiyar Ingila ce. Tun ba a haife ni ba ta auri Baba Abdurradi mai jirgin ruwa, ta zauna, ta koyi Larabcinmu na ƙauye har tana yi wa mai kayan miya tas da shi idan ya tauye mata awo. Da ya rasu ba ta koma ƙasarsu ba. Ta ce kabarinsa yana nan, ina za ta? Ni nake dafa mata abinci, in yi mata wanka, in yanke mata farce. Ita ta koya mini duba agogo. A duk garin nan ita kaɗai ce nake zama da ita in yi hira har in yi dariya da ƙarfi ban rufe baki ba.

Tana da 'ya ɗaya, Jenet, wadda ta haifa da mijinta na fari. Tana can Ingila, kuma duk Lahadi da la'asar take bugo waya.

A farkon zafin bana, wata safiya na tarar da Madam a ƙasa cikin banɗaki, bakinta ya karkace. Muka haye kogi da ita zuwa asibiti. Likita ya ce shanyewar jiki ce ta taɓa ta ta sake ta, ya rubuta doguwar takarda, ya ba da magunguna. Cikin kwana biyu bakin ya koma daidai. Abin da bai dawo ba shi ne Larabcinta. Ya riƙa zuba kamar alkama daga hujin buhu. Da farko sunayen abubuwa ne, ta kalli cokali ta rasa me za ta ce masa. Sai gaisuwa ta bi. Kafin wata biyu babu abin da ke fita daga bakinta sai Turanci zalla, kuma tana yi mini shi cikin natsuwa kamar tun fil'azal da shi muke magana.

Ranar da muka dawo daga asibiti na tambayi Ummata yadda zan gaya wa Jenet. Umma ta ajiye kullun burodin da take yi ta dube ni.

"Ki gaya mata me? Ba a kai wa na nesa mugun labari ta waya. Me za ta iya daga can, ban da ta kwana tana kuka a ƙasar da ba mai ba ta haƙuri?"

Ban ga aibun maganar ba, haka muka taso. Lokacin da babanmu ya rasu, yayana Ramadan yana aiki a Kuwait, ce masa aka yi jikin Baba ya ɗan yi nauyi. Sai da ya sauka daga mota ya ga kujerun zaman makoki a ƙofar gida. Ba wanda ya kira wannan ƙarya. Tausayi ne. Saboda haka duk Lahadi nakan sa Madam ta yi barci da rana, in yi mata wanka, in ba ta shayi mai sukari, domin ta wartsake na minti biyar ɗin wayar. Idan sun gama aka miƙo mini, in faɗi 'yan kalmomin Turancin da na sani, cewa Madam tana lafiya lau, in ƙara da alhamdulillahi.

Har wata Lahadin da Madam ta gaya wa 'yarta cewa Abdurradi ya tafi jirgi tun safe bai dawo cin abinci ba. Mutumin da ya shekara tara a kabari. Washegari saƙo ya zo: Jenet tana tafe nan da kwana goma sha tara.

Na zauna a bakin murhu na yi lissafina. Za ta zo ta tarar da uwarta a hannun yarinyar da ba ta jin abin da take faɗa. Wace 'ya ce za ta yarda da haka? Za ta ɗauke ta ta tafi da ita, a kulle gidan, Madam ta mutu cikin sanyi nesa da kabarin mijinta, ni kuma in koma bayan ƙofa. Mafita ɗaya na gani. In iya Turanci kafin ta iso.

Malam Milad tsohon malamin Turanci ne na sakandare. Ya yi ritaya, yana wuni a kantin maganin ɗansa kusa da coci, yana korar ƙuda da jarida. Sau uku na wuce ƙofar kantin kafin ƙafata ta yarda ta shiga. Na gaishe shi ina kallon ƙasa, na faɗi buƙatata.

"Kwana nawa kika ce, 'yata?"

"Sha tara, Malam."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Shekara talatin da biyu na yi ina ɗura wa 'ya'yan garin nan Turanci. Har yau idan Bature ya tambaye su hanya, sai su sayar masa da gunkin dutse." Da ya ga ban yi dariya ba sai ya naɗe jaridar, ya jawo mini kujera da ƙafarsa.

Sunayen abubuwa ba su ba ni wahala ba. Ruwa, kofi, gado, ƙofa, ciwo. Yana rubuta mini da haruffanmu, tunda ban san nasu ba. Wahalar ta fara ne da na soma kawo masa maganar Madam ita kanta. Idan ta faɗi abu sai in riƙe shi a baki, ina maimaitawa a hanya kamar wadda aka aika sayen gishiri, har in iso kanti in zube masa. Kusan kullum sai ya dafe kai.

Ya ce Turawa marowata ne. Kalmomin aikinsu na yau da gobe ba su fi goma ba, sai dai su riƙa maƙala musu 'yan wutsiyoyi. Ka canja wutsiya, magana ta canja. Wannan ma da sauƙi. Abin takaicin shi ne, da kalma ɗaya da wutsiya ɗaya za su fitar da ma'ana uku ko huɗu, kamar rigar amarya guda da duk unguwa ke aro. Ya rubuta mini take off. Ya ce cire takalmi ne, kuma tashin jirgin sama ne, kuma mutum ya kama gabansa ba sallama. Ya rubuta go off. Madara ta lalace, agogo ya yi ƙara, wuta ta ɗauke.

Na ce, "To Malam, yaya ake sanin wanne ake nufi?"

"Ki dubi inda mai maganar yake kallo. In bai kalli ko'ina ba, ki yi addu'a."

Hanya ɗaya na sani ta karatu, wadda aka koya mana a makarantar allo. Na zauna ina rangaji ina haddacewa, kowace kalma da 'ya'yanta uku. Ina tsinke lalo ina yi, ina shanya ina yi. Idan na dawo gida Umma takan tarbe ni da cewa, "Sannu da zuwa, Madam Hamdiya. Yau da wane yare za a ci miyar?" Ban taɓa ba ta amsa ba. Tsoro nake in buɗe baki kalmomin su zube.

Ranar da ta rage kwana takwas ba zan manta da ita ba. Madam tana zaune a kujerarta bayan azahar, sai ta faɗi magana, na tsinci go off a ciki. Zuciyata ta buga don murna, yau na kama ɗaya. Na ruga kicin na shinshina madara, lafiyarta ƙalau. Na dawo na ɗauko agogon gefen gadonta na nuna mata, ta ture. Na dubi fanka, tana juyawa. Ta sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, idonta a kaina, ba ta kallon ko'ina sai ni. Na kawo mata ruwa, na kawo bargo, na kawo hoton Baba Abdurradi. Sai ta fashe da kuka irin na ƙaramin yaro, tana dukan hannun kujera. Na durƙusa na riƙe ƙafafunta ina karanto mata ma'anonin nan uku da Larabci kamar mai tofi. Har yau ban san abin da take so ba a ranar. Da na gaya wa Malam, ya ce akwai wasu ma'anoni biyu da bai ba ni ba don kada in karaya.

Na ce ya ba ni. Ya ba ni.

Kafin ranar zuwan Jenet na haddace kalmomi sittin da ɗaya. Na rame har zoben hannuna yana zamewa.

Jenet ta iso ran Asabar da hantsi. Doguwa ce, furfura ta fara mata a gaba, jaka ɗaya kawai ta riƙo. Na share gidan har bayan kabad, na dafa tantabaru cushe da alkama. Na tsaya a ƙofa na yi mata gaisuwar da Malam ya shirya mini, ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Ta yi murmushi ta riƙe hannuna. Allah kuma ya taimake ni, Madam ta tashi da sauƙi ranar, ta gane 'yarta, ta ci rabin tantabara. Da la'asar Jenet ta ce in rage fanka, na gane, na rage. Na fita bayan gida gindin lemon tsami na yi ta hamdala. Na ɗauka na tsallake.

Washegari ta nemi fasfon uwarta don ta duba takardar zama. Na ɗauko mata gwangwanin biskit inda nake adana duk wani abu mai muhimmanci na Madam. Ni da hannuna na ninke takardar asibitin nan na sa ta a leda na ajiye a ciki, domin mu duk takardar da ke da hatimi ba a wasa da ita. Ban taɓa tunanin cewa likitocinmu da Turanci suke rubutu ba. Wato abin da na yi wata huɗu ina ɓoyewa yana nan a rubuce da yarenta, ni na adana mata shi.

A tsaye ta fara karantawa, sai ta zauna. Ta dubi kwanan watan da ke sama, ta yi ƙirga da yatsu. Ba ta dube ni ba. Ta ce a kira mata wanda ke jin Turanci, na kira Malam Milad.

Madam tana barcin rana. Mu uku muka zauna a falo, ni a bakin tabarma. Jenet ta yi magana doguwa, muryarta ƙasa-ƙasa, wuyanta ya yi ja. Da ta tsaya, Malam ya gyara tabarau ya juyo gare ni da fuskar lallashi. Ya ce ta ɗan ji ba daɗi, amma ta gode da ƙoƙarina.

Kalmar godiya tana cikin na farko da ya koya mini, kuma ban ji ta a bakin Jenet ba. Yana yi mini abin da na yi mata ne. A rayuwata ban taɓa mayar wa babba magana ba, amma na ji bakina yana cewa, "Malam, don girman Allah, ka faɗa mini yadda ta faɗa."

Ya cire tabaran ya riƙe a hannu.

"Ta ce Lahadi goma sha bakwai. Sau goma sha bakwai kina ce mata lafiya lau. Ta ce da ta sani a satin za ta zo. Akwai masu koya wa irin waɗannan marasa lafiya magana, kuma a makonnin farko aikinsu ya fi ci. Ta ce wata huɗu na uwarta kika ɗauke mata, lokacin da hankalinta bai yi nisa ba, kuma ba kasuwar da ake sayo su."

Na yi ƙoƙarin bayani, Malam yana juya mata. Na ce ba mugunta ba ce, haka muke yi, ba ma ɗora wa matafiyi kayan da ba zai iya saukewa ba. Na ba ta labarin Baba da Ramadan. Ta saurara har ƙarshe. Sai ta yi tambaya gajera, Malam ya juya mini ita ba tare da ya sa mata zuma ba.

"Ta ce, yayan naki ya gode muku?"

Sai na tuna. Ramadan ya yi kwana uku yana zuwa maƙabarta shi kaɗai. Ya koma Kuwait bai yi wa Umma sallama ba, kuma kusan shekara idan ya bugo waya ni yake nema. Mun ce baƙin ciki ne ya taɓa shi. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba sai a kan tabarmar nan.

Na tashi na ɗauko littafina daga kicin na ɗora mata a cinya. Na ce Malam ya gaya mata na haddace sittin da ɗaya cikin kwana goma sha tara, kowace da duk ma'anoninta. Ta ba ni wata biyu zan haddace sauran, ko ɗari biyar ne. Ba zan ƙara barin Madam ta yi kuka don ban gane ba. Ta bar mini ita. Ko ba albashi, ta bar mini ita.

Ta riƙa buɗe shafukan a hankali. Ba ta iya karanta rubutunmu, amma ta ga inda man girki ya ɗiga, ta ga inda biro ya huda takarda. Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu. Ta rufe littafin ta miƙo mini da hannu biyu, sannan ta yi wa Malam magana.

Malam ya ce, "Ta ce ba Turanci ba ne, 'yata. Ta ce ko kalma ɗaya ba ki sani ba da za ta bar miki ita, domin ta ga yadda uwarta ke bin ki da ido duk inda kika yi. Amma idan ta koma gida kika ce mata lafiya lau, me za ta ɗauka kin ce?"

Za su tafi nan da kwana goma, da zarar likita ya sa hannu cewa Madam za ta iya hawa jirgi. Na kama hannun Jenet zan sumbata kamar yadda muke roƙon manya, ta janye da sauri, kunya ta kama ta, ni ma ta kama ni. Malam ya mayar da tabaransa ya ce shayi ya huce.

Kafin magariba na isa gida. Umma ta ji labari ta tafa hannu. Ta ce an yi wa mutum rufin asiri ya mayar da shi laifi, wannan wace irin tarbiyya ce. Da ta huce sai ta matso kusa da ni ta rage murya. Ta ce kwana goma ba kwana ɗaya ba ne, zuciya tana juyawa. In ci gaba da gyara Madam, a ga ta fes, tana ci tana sha. Wataƙila idan 'yar ta ga uwarta cikin jin daɗi ta fasa.

"Sauran kuma ki bar su a cikinki," in ji ta. "Kar ki ƙara mata ko ɗaya."

Domin akwai sauran, waɗanda ba su cikin takardar likita. Madam ta sake faɗuwa wata guda da ya wuce, a gindin lemon tsami. Sau biyu tana fita ba takalmi ta nufi bakin kogi neman jirgin mijinta, masu yankan rake suka dawo mini da ita. Tana ɓoye ƙwayar magani a kumatu, in ba ka sa yatsa ka duba ba za ta tofar a bayan matashi. Kuma ruwa yana sarƙe ta idan aka ba ta a kofi, sai da cokali, kanta a ɗan sunkuye. Idan na faɗi waɗannan, ƙofar da Umma ke hangowa ta rufe ke nan har abada. Idan ban faɗa ba, kuma aka tafi da ita, wata baƙuwa a can za ta miƙa mata kofi cike da ruwa da kyakkyawar niyya.

Umma ta zuba mini miyar lalo, na kasa ci.

Washegari bayan sallar asuba ban biya gidan Madam ba tukuna. Na tafi gidan Malam Milad na ƙwanƙwasa, ya fito da rigar barci yana tambaya ko mutuwa aka yi. Na ce a'a, rakiya nake so. Muka bi ta cikin rake, yana tafe yana mitar raɓa ta jiƙa masa takalmi. Jenet tana zaune a baranda da kofin gahawa, da gani ita ma ba ta runtsa ba.

Na tsaya a gabanta, wannan karon ban kalli ƙasa ba. Na ce wa Malam duk abin da na faɗa ya juya shi yadda yake, kada ya rage masa ɗaci. Na fara da faɗuwa ta biyu. Na faɗi kogi, na faɗi ƙwayoyi, na faɗi cokali. Tun ina kan maganar kogi Jenet ta shiga ciki ta ɗauko takarda da biro. Na gaya mata Madam ba ta yarda a wanke mata kai sai an rufe mata ido da tawul, kuma idan ta tambayi Abdurradi kada a ce ya mutu kai tsaye, a fara zaunar da ita tukuna, domin kullum kamar yau ta fara ji. Ta cika shafi biyu.

Da na gama na ji motsin Madam a ɗaki. Na shiga kicin na ɗora ruwan shayinta, sannan na leƙo na yafito Jenet da hannu, ta zo ta tsaya kusa da ni ta ga yawan sukarin da ake sawa.